Guɗar Usta Fatahallah

Shekara talatin da biyar ina shafa wa mijina Fatahallah mai a kafaɗa kowace safiya, ban taɓa ɗaukar abin wahala ba. Mutumin da ke wuni a sunkuye yana sassaƙa furanni a jikin gadajen amare, dole kafaɗarsa ta yi tsami. Yakan zauna a bakin gado, singiletinsa a cinya, shayinsa na hucewa a gefe, ni kuma ina durƙushe a bayansa da 'yar kwalbarmu ta man zafi. A nan muke hirar da ba ma yi a gaban yara. A nan muke faɗa, a nan muke shiryawa. Na fara da wannan ne don a san ta ƙofar da aka shigo mini.

Sunana Widad, amma a garinmu Dumyat in ka ce Widad sai a tambaye ka wacce. Ka ce Ummu Ramzi mai guɗa, ko direban tasi zai kawo ka ƙofar gidanmu. Ba sana'ata ba ce, baiwa ce Allah ya ba ni. In na kare bakina da tafin hannu na rangaɗa, masu jirgin ruwa a bakin kogin Nilu kan ɗago kai su ce yau wata ta yi miji a unguwarmu. Babu lalle, babu kai kayan amarya, babu bikin kwana bakwai na jariri da ake yi a layukanmu ba a aiko mini ba. Ba ni da kyan fuskar da za a ba da labari, ban yi karatu mai zurfi ba, girkina ma tsaka-tsaki ne. Muryar nan ita ce abin da nake da shi, kuma na san darajarta.

Da Usta, kamar yadda ake kiransa don gwanintar sana'a, ya haura sittin sai ya fara lalacewa a hankali. Mutumin da ke riga ladan tashi, sai ga shi ana tarar da shi yana gyangyaɗi a shago da hantsi, kayan aiki a hannu. Tumbi ya fito, damtse ya saki. Abu kaɗan faɗa, abu kaɗan ya yi zugum. Wata rana na same shi yana share hawaye a gaban talabijin saboda tallan man girki. Batun shimfiɗa kuwa, mun koma wa da ƙanwa. Allah shaida ne ban taɓa yi masa gori ba. Na ɗauka tsufa ne, tsufa kuma ba laifi ba ne. Na dafa masa agwagwa da albasa, na cusa wa 'yan shila alkama, ya ci ya lashe hannu ya koma barci.

Sai wata safiya ya miƙo mini kwalbar nan tamu, na buɗe na ga abin ciki ya canja. Babu ƙamshin kafur. Wani abu ne garai-garai mai santsi kamar ruwan kuɓewa, yana ɗan warin asibiti.

Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Sabon maganin sanyin ƙashi ne. Wani abokina ya zo da shi daga Italiya. Ɗan kaɗan kullum, kafaɗa da damtse."

"Ina kwalinsa?"

"Ke da tambaya, Ummu Ramzi! Kwalin za ki shafa mini?"

Na yi dariya na shafa. Ni kuwa 'yar gidan da ba a zubar da komai ce. Uwata ko ruwan wankin shinkafa sai ta sama masa aiki. Abin da ya rage a tafin hannuna sai in goga a gwiwoyina, tunda su ma suna ciwo, sauran danshin in shafe wuyana da shi. Kullum haka nake yi. Kullum kuma yana kallona ta madubin kwabar da ya sassaƙa mini da hannunsa shekarar aurenmu.

Ba a yi wata biyu ba Usta ya farfaɗo. Ya koma hawa bene yana fito. Ya karɓi aikin kujerun falo guda goma sha biyu ya gama kafin lokaci. Ya fara rina gashin baki. Ya tuna cewa yana da mata. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi, na ji daɗi ƙwarai, har sadakar gurasa na yi. A gidan shayi tsofaffin abokansa na domino suka sa shi a gaba da tambaya, shi kuwa ya murza gashin baki ya ce jinin gidansu ne, kakansa ma yana da tamanin ya haifi ɗan auta. Wai sai dai a ƙara da 'yan shila. Mai sayar da tattabaru na kasuwarmu ya ci riba a wannan shekarar.

Shi yana hawa, ni ina gangarawa. Ƙuraje suka feso mini a fuska ina da shekara hamsin da shida. Gashi ya tsiro a haɓata, baƙi mai kauri, in tsige da safe ya dawo da yamma. Zuciyata ta riƙa tafasa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Sannan muryar. Da farko na ce mura ce, na sha zuma da citta har na gaji. Ran nan mai kawo mana tukunyar gas ya kira waya, na ce salamu alaikum, ya ce, "Wa alaikumus salam, ya Hajji, ko Hajja na kusa?" Na kashe wayar na zauna a ƙasan kicin.

Abin ya fashe ne ranar da aka kai kayan ɗiyar maƙwabciyarmu gidan miji. Motoci bakwai a jere da rana tsaka, gadaje da kwabobi da katifu an ɗaure da jan ƙyalle, ni a gaban motar farko kamar kullum. Uwar amarya ta taɓa ni ta ce, "Bisimilla, Ummu Ramzi, tashi garin." Na kare bakina, na ja numfashi. Abin da ya fito, ko ragon layya ba zai amsa nasa ba ne. Layin ya yi tsit, sai wata ta ƙyalƙyale a mota ta biyu, sauran suka ɗauka. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba tun da aka haife ni.

Wadda ta fara dariyar Zakiyya ce, yayar mijina. Tun ranar da aka kawo ni gidansu ba ta yafe mini ba, don ita ma tana guɗa, sai dai tata kamar butar shayi ce ta tafasa. Juma'ar da ta biyo baya muna cin abincin rana, dangi cike da tebur, ta zaro wani ɗan ƙunshi daga jakarta ta turo mini.

Ta ce, "Ungo tsaraba, matar ƙanena. Na ga kwanan nan kin fi shi bukata."

Reza ce ta aski. Na dubi Fatahallah, ina jira ya tsawata mata. Ya ajiye cinyar agwagwa, ya goge baki, ya ce, "Ku bar ta, ai gidan ya ƙara tsaro. Yanzu maza biyu ne a ciki. Ɓarawo ya ji gyaran muryarta, ta taga zai fita."

Aka kwashe da dariya, har da ɗana Ramzi, kafin ya ga fuskata ya haɗiye tasa. Na riƙe wannan magana. Ban san inda zan kai ta ba a lokacin, amma na adana ta.

Matar Ramzi, Shaima, ita ce ta ja ni wurin likita da tsohon cikinta. Yarinya ce mai hankali. Dokta Afaf ta sa aka ɗebi jinina, da sakamako ya fito na ga ta cire tabarau ta sake mayarwa. Ta ce sinadarin mazantaka, wanda suke kira testosteron, ya yi mini yawa fiye da ƙima, kuma a mace mai shekaruna abin da ake fara nema shi ne ƙari a ciki. Ta tura ni asibitin birnin Mansura a yi hoton cikina. Mako uku na yi ina jiran layi da sakamako. A mako ukun nan na nuna wa Shaima inda likkafanina yake, na gaya mata wadda za a ba turmin tagullar uwata. Fatahallah da kansa ya raka ni Mansura. Ya zauna a benci riƙe da jakata a cinya, aka tura ni cikin injin nan mai ƙara. Washegari da safe ya zauna a bakin gado ya miƙo mini kwalba.

Hoto ya fito babu komai. Dokta Afaf ta jujjuya takardun ta ce, "Hajja, ba jikinki ke yin wannan abu ba. Daga waje yake shiga. Akwai mai shafa wani magani a gidanki?"

Na ce, "Sai dai na sanyin ƙashin maigidan."

"Wa ke shafa masa?"

Na ɗaga hannuwana biyu na nuna mata.

Da na kawo mata kwalbar, shinshinawa ɗaya ta yi. Ta ce maganin kansa ba abin kunya ba ne. Maza da yawa in shekaru sun ja sinadarin yakan yi musu ƙasa, su rasa kuzari da sha'awa, ƙashi ya yi rauni, kuma in an auna jini an tabbatar, wannan man yana taimakonsu. Amma mutum shi zai shafa da hannunsa, ya wanke da sabulu, ya bari ya bushe ya sa riga. Ba a yarda fatar mace ko ta yaro ta taɓa wurin ba.

Na ce, "Gashin zai tafi?"

"Zai ragu a hankali, ƙurajen ma haka."

"Muryar fa?"

Ta ce, "Ba zan yi miki ƙarya ba, Hajja. Maƙogwaro in ya yi kauri, ba kasafai yake komawa ba."

Ka ga wautar mace mai son mijinta: a hanyar gida ina ta nema masa uzuri. Na ce wataƙila shi ma ruɗarsa aka yi, wataƙila da gaske abokin Italiya ne. Ranar Juma'a da ya tafi masallaci na ɗauki makullin shagon da ke rataye bayan ƙofa. A ƙasan akwatin kayan aikinsa, ƙarƙashin tsumman goge katako, na sami kwalaben asali a kwalayensu, da takardar likitan maza mai ɗauke da sunansa da kwanan wata. Wata goma sha ɗaya ke nan. A ƙasan takardar likitan ya rubuta da jan biro, har ya ja layi biyu: kada matarka ko yaro su taɓa wurin shafawa.

Ban yi kuka ba. Na zauna a kan wata kujerar amarya da ba a gama ba, ƙurar katako na shiga mini hanci. Na ninke takardar na sa a ƙirjina. Tun daga wannan sa'a ban da wani aiki sai tunanin ramuwa.

Na yi tunani iri-iri. Na ce in juye maganin in cika kwalbar da kamun sitaci, ya koma gyangyaɗinsa. Na fasa, don ba na son ramuwata ta same shi yana barci, so nake ta same shi ido biyu da ƙarfinsa. Na ce in ɗiba in zuba a man fuskar Zakiyya. Wannan na daɗe ina juya shi, har murmushi na kama kaina ina yi a bakin murhu, daga baya na yi istigfari. Na ce in tafi gidan ɗan'uwana a Ras al-Bar in bar masa gidan. To in na tafi, me ya rasa? Ya sami mai dafa masa agwagwa, gari kuma ya ce gemu ne ya kore ni.

Washegari ya zauna a bakin gado kamar kullum, ya miƙo kwalba ta bayan kafaɗa ba tare da ya juyo ba. Na karɓa. Da hannuna ya sauka a fatarsa sai ya zabura, ya ɗaga ido ya dubi madubi. Safar roba ce a hannuna, ruwan ɗorawa, ta wanke-wanke, har gwiwar hannu.

Nan take ya sha jinin jikinsa. Na ci gaba da shafawa a natse, kafaɗa da damtse, yadda ya koya mini.

Can ya ce, "Widad."

"Na'am, Usta."

"Wa ya gaya miki?"

"Jan biro."

Ya sunkuyar da kai. Ya ce, "Wallahi kunya na ji. Shekara talatin da biyar kina shafa mini. In na ce ki bari, za ki tambayi dalili. Na ce ɗan abin da zai taɓa hannunki ba zai yi komai ba."

"Da ka ga ina shafa wa wuyana fa?"

"Na yi niyyar magana."

"Da gashi ya fito?"

"Lokacin tsoro ya kama ni. Na ga abin ya yi nisa."

"Da aka tura ni cikin injin Mansura, kana riƙe da jakata?"

Ya murza singiletin da ke cinyarsa. Daga baya ya ce, da wata 'yar murya, "In na faɗa miki cewa mazantakata a kwalba take, da wane ido za ki dube ni?"

Na ce, "Da idon da na dube ka kana kuka a kan tallan man girki. Miji mai ciwo. Da ka faɗa mini, da ni zan riƙa tuna maka lokacin shafawa."

Na cire safar na ajiye masa a cinya tare da kwalbar. Na ce daga yau hannunsa ya isa, kuma ya sa riga mai hannu, akwai jariri a hanya.

Ya ce, "Me kike so in yi? Awarwaro? Umara? Faɗi ko mene ne."

"Zan faɗa in lokaci ya yi."

Mako shida na bar shi yana dahuwa. Ban ɗaga masa murya ba, ban fasa yi masa girki ba. Ya riƙa shigowa da alawar mushabbak a kwali, ina ba 'ya'yan maƙwabta. In Zakiyya ta zo ya rasa inda zai sa idonsa. In na yi gyaran murya a kicin sai in ji cokali ya faɗi daga hannunsa a falo. Na ji daɗin wannan, ba zan ce ban ji ba. Amma kowace safiya in ya fita nakan shiga banɗaki in rufe ƙofa, in kare bakina in gwada. Babu abin da ya dawo.

Shaima ta sauka lafiya, mace, aka sa mata Salsabil. Jikata ta fari. Shekara talatin ina yi wa jikokin mutane guɗar kwana bakwai, ina cewa a raina ranar tawa sai an ji ni a Mansura. Zakiyya ta zo barka ta ce, da fuskar tausayi, "Kada ki damu, matar ƙanena, ni zan yi guɗar, tunda ke Allah ya ɗora miki lalura."

Na ce, "Na gode, Hajja Zakiyya, amma na riga na yi mai yi. Kada wadda ta buɗe baki ranar nan sai na ba da izini."

Safiyar bakwai na same shi yana ɗaura maɓallin riga. Na zaro takardar na nuna masa jan rubutun, na mayar ƙirjina.

Na ce, "Lokaci ya yi, Abu Ramzi. Yau bayan la'asar, in na gama buga turmi, za a jira guɗa. Abu biyu ne, ka zaɓi ɗaya. Ko ka miƙe a gaban danginka da abokanka na domino ka faɗa musu da bakinka abin da ya sami muryata. Ko kuma ka yi guɗar da kanka."

Ya dube ni kamar na zare. Ya ce, "Guɗa? Ni? Namiji da gashin baki? Kashe ni kike so ki yi a garin nan?"

"Wata da watanni ina yawo da muryar namiji a garin nan, ga ni ban mutu ba."

"In na ƙi duka biyun fa?"

"Sai in ba Hajja Zakiyya takardar ta karanta. Ka san ta da son karatu a bainar jama'a."

Ya zauna daɓas a bakin gado. Ya ce, "Ban ma iya ba."

Na ce, "Harshe ne kawai, Usta. Kana da shi. Na ji aikinsa ranar da aka ba ni reza."

Abin da ban faɗa masa ba, kuma ban faɗa wa kowa ba sai yanzu, shi ne na fi son ya zaɓi na farkon. Da zai miƙe ya ce, jama'a, matata ba ta da laifi, ni na cuce ta saboda kunyar banza, da na yafe masa kafin ya rufe baki. Wuni na yi ina dama mugat, kunun mai jego, ina roƙon Allah ya ba shi wannan ƙarfin halin.

Bayan la'asar gida ya cika. Maza a falo a kan kujerun da ya sassaƙa, an buɗe ƙofar tsakiya, mata da yara a tsakar ɗaki, kowane yaro da kyandir a hannu. Aka kwantar da Salsabil a cikin rariya mai ado kamar yadda al'adarmu take, aka watsa gishiri a kusurwoyi, Shaima ta tsallake ta sau bakwai. Na jawo turmin tagullar uwata kusa da kan jaririyar, na ɗaga taɓarya. Wannan aikin kaka ne, ba mai karɓe mini shi.

Na buga. "Ki ji maganar uwarki!"

Muryar ta fito da kauri, ta cika ɗakin. Wasu suka sunkuyar da kai, ban kula ba.

Na buga. "Ki ji maganar ubanki, in ya faɗi daidai!"

Aka yi dariya, Ramzi ya ɗaga hannu yana rantsuwa.

Na buga. "Kada ki ji maganar Hajja Zakiyya, ko da ta zo da tsaraba!"

Mata suka kwashe, Zakiyya ta yi yaƙe.

Na buga. "Ki ji maganar kakarki Widad, ko da muryarta ta ba ki tsoro!"

Na buga na ƙarshe, da ƙarfi, har jaririyar ta motsa. "In aka miƙo miki kwalba babu kwali, 'yar nan, ki tambaya!"

Aka yi dariya ba tare da an gane ba. Na ajiye taɓarya. Nan ne wurin guɗa, kowa ya sani. Mata suka dubi juna, Zakiyya ta cika ƙirji da iska tana jiran in gaza. Ni kuwa na juya na dubi falo.

Fatahallah ya miƙe. Fuskarsa ta yi fari kamar cuku. Ya tako har bakin ƙofar tsakiya, ya tsaya tsakanin maza da mata. Ya dubi abokansa, waɗanda suka ƙarar da 'yan shilar kasuwa saboda shi. Ya dube ni. Ya buɗe baki. Na ce a raina, faɗi, Fatahallah, faɗi mana, kalma biyar ce.

Sai ya ɗaga hannu ya kare gashin bakinsa.

Abin da ya fito siriri ne, a karye, yana rawa kamar kukan ɗan akuya da aka raba da uwa. Ya ja shi iya numfashinsa ya sake. Sai gidan ya kece da dariya. Wani tsoho a falo ya ƙware da shayi ana bubbuga masa baya. Wani ya ce, "Usta, wannan ma jinin gidanku ne?" Wani ya ce, "A'a, 'yan shilar ne suka fara magana!" Zakiyya ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Ka kashe mu, ɗan uwata, ka kashe mu." Ramzi ya ce murnar jika ce ta taɓa Baba. Na san daga ranar ba zai sake shiga gidan shayi ba tare da an kare baki an yi masa irinta ba, har ya mutu.

Na yi nasara, kuma na ji ɗacinta har maƙogwaro. Mutumin ya gwammace garin Dumyat ya mai da shi abin dariya da ya faɗi gaskiya a kaina. Gobe in na fita kasuwa, ni ce dai matar nan da gemu ya fito wa ba dalili. Na dubi Salsabil a cikin rariyarta, ta buɗe ido tana motsa baki. Wannan ce guɗar farko da ta ji a duniya, kuma ba tawa ba ce.

Ya sauke hannunsa, zufa na zuba, ya juya zai koma kujerarsa. Na ɗauki taɓarya na buga turmin sau ɗaya. Kowa ya yi tsit.

Na ce, "Ina za ka, Abu Ramzi? Shekara talatin kana jina, ba ka taɓa ƙirgawa ba? Uku ake yi. Saura biyu."